Tabarau Mai Ƙwaƙwalwa da Iyafis Marar Igiya: Yadda Ake Haɗa Su da Inda Ya Kamata a Cire Su

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata, a Zango, Agege





Kwamitin wayar da kai ne ya ɗora mini nauyin in yi bayani a kan wasu abubuwa guda biyu da suka fara yawa a jikin samarinmu, wato abin nan da ake cusawa a kunne marar igiya, wanda muke ce wa iyafis, da kuma sabon tabarau ɗin nan mai ƙwaƙwalwa, mai magana, mai ɗaukar hoto. Tambayar da aka fi yi ita ce, shin ana iya haɗa su wuri ɗaya su yi aiki tare? Na san wani dattijo zai ce a ransa, ana fama da kuɗin haya da kuɗin makarantar yara, wa ke ta tabarau? To, Baba, haka aka ce a 2001 da salula ta shigo Nijeriya, lokacin da layi kaɗai ake sayensa naira 20,000 ko fiye. Aka ce ta Alhazawa ce. Yau mai shayi da mai gadi da mai wankin takalmi kowa da tasa a aljihu. Saboda haka gara mu san abu tun yana bakin ƙofa, kafin ya shigo tsakar gida.

Bari mu fara da igiyar da ba a gani, wadda ita ce ke ɗaure waɗannan kaya, wato Bluetooth, ko bulutut a bakinmu. Injiniyoyin kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin ne suka fara aikinsa a 1994, sannan a 1998 kamfanoni biyar, Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka haɗa kai suka mayar da shi tsari ɗaya da kowa zai bi. Sunan kuwa na wani sarkin Denmak ne mai suna Harald, wanda ya yi mulki sama da shekara 1000 da suka wuce, ana yi masa laƙabi da mai shuɗin haƙori, ya kuma yi suna wajen haɗa kan ƙabilun da ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa aka ɗauki sunansa. A gaskiya bulutut ɗan ƙaramin rediyo ne mai gajeren zango ƙwarai, wanda yawanci ba ya wuce mita 10. Yana da tashoshi 79, kuma yana tsalle daga wannan zuwa waccan har sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya don kada maganarka ta cakuɗe da ta maƙwabcinka. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Iyafis marar igiya ya bazu ne bayan 2016, shekarar da kamfanin Apple ya cire ramin iyafis daga iPhone 7 ya fito da AirPods. Mu nan dai mun fi sanin na Oraimo da 'yan uwansa, waɗanda suka cika Computer Village a Ikeja da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano. Wannan kowa ya san shi, ba sai na ɓata lokaci ba.

Tabarau ne ke son bayani, domin ba duk wanda aka ce maka mai ƙwaƙwalwa ba ne yake da ita. Kamfanin Google ya gwada nasa a 2013 a kan dala 1,500, mutane suka ƙi shi, a wasu gidajen abinci na Amurka har hana shiga da shi aka yi saboda kyamarar da ke jiki, a farkon 2015 aka daina sayar wa jama'a. Wanda ya karɓu shi ne na kamfanin Meta, masu Facebook da WhatsApp, da suka yi da haɗin gwiwar masu tabarau ɗin Ray-Ban. Na farko ya fito a 2021, na biyu a watan Oktoba na 2023 a kan dala 299, kuma zuwa farkon 2025 masu ƙera shi sun ce sun sayar da miliyan 2. In ka gan shi a fuskar mutum ba za ka bambanta shi da na kare rana ba, amma yana da kyamara a gefen ido, da makirufo guda biyar, da ƙananan sifiku a jikin hannayen nan da ke hawa kan kunne. A watan Satumba na 2025 kuma suka fito da wani mai ɗan allo a cikin gilashin ido ɗaya, a kan dala 799. Ban buga muku da naira ba, 'yan canji suna zaune a cikinmu, su suka fi ni sanin farashin yau. Akwai kuma wani iri, kamar na Xreal, da ake jona shi da waya ta igiya, ya zame maka kamar talabijin a gaban ido. Sai kuma na araha da ke yawo a kasuwa, wanda tabarau ne kawai aka liƙa wa sifika, ba kyamara, ba ƙwaƙwalwa.

To, yanzu ga gundarin maganar, kuma zan kawo ta da abin da muka gada a nan Zango. Tun da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912, kakanninmu fatake da ke zuwa sayen goro a Agege, da masu kawo shanu, kowa in ya iso yana da maigidan da yake sauka wurinsa. Maigida ke ba da masauki, shi ke riƙe amanar kuɗi, shi ke haɗa ka da dillali. Baƙo biyu suna iya kwana ɗaki ɗaya a gidansa, amma ba a taɓa jin baƙo ya saukar da baƙo ba. To, wayarka ita ce maigida. Tabarau baƙo ne, iyafis ma baƙo ne. Irin tabarau ɗin Meta da na ambata, da duk na sifika ɗin nan, an yi su ne su karɓi sauti daga waya, ba su aika wa wani ba. Iyafis shi ma karɓa kawai ya iya. Mai miƙa hannu ya haɗu da mai miƙa hannu, wa zai ba wani? Saboda haka duk yaron da ya kwana yana danna maɓalli yana neman iyafis ya kama tabarau kai tsaye, wahalar banza yake yi, kuma kayansa ba su lalace ba, kada ya kai wa mai gyara a karɓe masa kuɗi.

Akwai waɗanda suka fita daga wannan hukunci, su ne manyan nan masu rufe rabin fuska, kamar Quest na Meta da Vision Pro na Apple da ya fito a watan Fabrairu na 2024 a kan dala 3,499. Su kwamfuta ce sukutum, masu gidan kansu ne, suna saukar da iyafis kai tsaye. Amma ba da su ake yawo a titi ba, mu bar su.

Yadda ake yi kuwa shi ne, kowane ɗaya ka gabatar da shi ga waya daban. Ka fara da tabarau. Na Meta sai ka sauke manhajarsu, ka bar tabarau ɗin a cikin gidansa, ka danne maɓallin da ke bayan gidan har 'yar fitilar ta fara ƙyafta shuɗi, manhajar za ta gan shi ta ja ka har ƙarshe. Sannan ka buɗe gidan iyafis, ka shiga wurin bulutut a saitin waya, sunansa zai fito, ka taɓa. Shi ke nan, baƙi biyu sun sauka. Wannan gabatarwa sau ɗaya ake yin ta, daga nan waya ta shaida su, duk lokacin da aka kunna su za su kama da kansu.

Inda rigimar take shi ne, taura biyu ba ta taunuwa. Waya tana iya riƙe su duka, amma sauti hanya ɗaya take tura shi, kuma sau da yawa wanda ya kama a ƙarshe shi ke ƙwace maganar. Kana sauraron labaran BBC ko wasan ƙwallo a iyafis, ka ɗauko tabarau ka saka, sai ka ji sautin ya yi ƙaura. Maganinsa, ka janyo saman fuskar wayar, inda ake nuna abin da ke kunne a lokacin, akwai wurin zaɓen mafitar sauti, ka mayar da shi inda kake so. Haka in kira ya shigo, a fuskar kiran akwai alamar bulutut, nan ake zaɓa. Wasu wayoyin Samsung tun daga Galaxy S8 na 2017 suna iya tura sauti wuri biyu lokaci guda, amma ban ga amfanin mutum ɗaya ya ji abu ɗaya daga wuri biyu ba, sai dai in shi da abokinsa ne.

Wani abu kuma da ke ruɗa mutane shi ne makirufo. A lokacin kira, wanda ya ɗauki kunne shi ke ɗaukar baki. In ka zaɓi iyafis, da makirufonsa za a ji ka, ba da guda biyar ɗin nan na tabarau ba. Amma in bidiyo kake ɗauka da tabarau, da nasa makirufon yake ɗaukar sauti, ba ruwansa da abin da ke kunnenka. Haka mataimakin nan da ake yi wa magana ya amsa, yawanci ta sifikun tabarau yake ba da amsa, to in ka riga ka toshe kunne, sai ka ji shi can ƙasa-ƙasa kamar mai magana daga cikin rijiya. Na ƙara da cewa, fassarar nan ta nan take da ake ta yayatawa, lokacin da aka buɗe ta ga kowa a 2025 da harsuna huɗu ta zo, Turanci da Faransanci da Italiyanci da Sifaniyanci. Duk wanda ya sayar maka da shi a kan cewa zai fassara maka Yarbancin kwandastan danfo, ka ce ya gwada a gabanka.

Sai yankewar sauti. Na ce muku bulutut rediyo ne mai rauni, kuma jikin ɗan Adam, da yake yawancinsa ruwa ne, yana shanye irin wannan zango. In ka jefa waya a aljihun baya na wando, ko can cikin aljihun 'yar ciki a ƙarƙashin babbar riga, ka tare hanya da jikinka. Ka mayar da ita aljihun gaba. Bugu da ƙari, wayfay ma a wannan zango yake zirga-zirga, shi ya sa in ka shiga wuri mai cunkoson wayoyi kamar titin Otigba a Ikeja za ka ji sauti yana sarƙewa, alhali da ka fito ya warware. Akwai kuma ɗan jinkiri na wani yanki na daƙiƙa tsakanin hoto da sauti, wanda masu kallon fim a tabarau mai allo suka fi lura da shi, baki ya motsa sannan magana ta biyo baya. Batun caji kuwa, kun ƙara wa kanku baki uku da za ku ciyar. Tabarau na 2023 awa 4 yake yi, na 2025 aka ce ya kai 8, ga iyafis, ga waya da bulutut ke tsotsa, ga kuma halin da wutarmu take ciki.

Jama'a, duk wannan da na faɗa mai sauƙi ne. Abin da ya sa na karɓi wannan aiki shi ne abin da zan faɗa yanzu, kuma ina roƙon matasa su ba ni kunnuwansu, waɗanda suka sa iyafis a cikin taron nan ma su cire.

Me ya sa masu ƙera tabarau ɗin suka sa sifika a waje, ba su cusa ta cikin kunne ba? Ba mantuwa suka yi ba. Sun yi haka ne don kunne ya zauna a buɗe, kana jin abin da kake saurare, kana kuma jin duniya. To, in ka kawo iyafis ka toshe, musamman irin mai kashe hayaniyar waje, ka rushe hikimar gaba ɗaya. Na gane dalilin da ke sa a yi hakan. Legas gari ne mai ƙara, ga janareto, ga ham ɗin danfo, ga masu wa'azi da masu tallar magani kowa da lasifikarsa, ƙaramar sifikar tabarau ba ta iya ja da su. Kuma sifikar waje tana zubar da magana, na kusa da kai a cikin mota zai iya tsintar abin da ake gaya maka, wanda ɗan kasuwar da ake karanta wa lissafi ba zai so ba. A cikin shago, ko a ɗaki, ko kana zaune a jirgi za ka Ibadan, ba laifi. Amma mu a bakin layin dogo muke kwana muke tashi. Da can jirgi jefi-jefi yake wucewa, yana tafe yana nishi, tun daga nesa ka san da zuwansa. Yanzu tun watan Yuni na 2021 ga jirgin Legas zuwa Ibadan a kan sabon layi, sannan a watan Oktoba na 2024 jirgin cikin gari na Red Line ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Agbado da Oyingbo, duk ta nan Agege suke bi. An gina gadar Pen Cinema, an buɗe ta a 2021, motoci sun hau sama, amma masu ƙafa har yau wasu ta kan layi suke yanke, kowa ya sani. Ba sau ɗaya ba jaridun Legas suka ɗauko labarin wanda jirgi ya buge yana tafe da abu a kunne, mutane na yi masa ihu, direba na danna ham, bai ji ba. Jirgi ba mota ba ne, ba ya kaucewa, kuma ko an taka birki sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya tsaya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma a titi ba haka abin yake ba, domin ido gaba kawai yake kallo, kunne ne mai gadin bayanka. Yanzu a ce ido yana karanta saƙo a cikin gilashi, kunne kuma a toshe, wa aka bar wa gadin? Ƙannena masu okada da masu Keke Marwa, da ku nake. Na san dalilinku, fasinja na kira, ga kewar gida, waƙa na rage nisan yini. Amma tirelar da ke tahowa ta bayanka da kunne ake saninta. Direbobi kuma kun san jami'an kiyaye haɗurra da na LASTMA suna kama mai amfani da waya yana tuƙi. A ganina, in dai kana kan abin hawa ko kana tafe a ƙafa a bakin titi, iyafis ya koma gidansa. In ya zama dole, to kunne ɗaya, kuma a kashe abin nan mai hana jin hayaniya.

Shi kansa kunnen yana da haƙƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matasa sama da biliyan 1 ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraron sauti da ƙarfi. Ma'aunin ƙara sunansa desibel. Hukumar ta ce babban mutum zai iya jure desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ya kai 90, awa 4 kacal ne a mako. Ku duba yadda ƙari kaɗan ya cinye lokacin. Matsalarmu a nan ita ce hayaniyar gari ke sa mu ƙure maɓalli ba mu sani ba. In ka cire iyafis ka ji kunnenka na ƙugi, ko na kusa da kai yana jin waƙar da kake ji, ka wuce gona da iri. Jijiyoyin ji na can ciki in suka mutu ba sa tsirowa.

Ba zan ɓoye alherin abin ba. A watan Satumba na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince a yi amfani da AirPods Pro 2 a matsayin na'urar taimaka wa masu ƙarancin ji, a farkon 2025 kuma ta amince da wani tabarau mai suna Nuance Audio da ke yin wannan aiki, ga dattijon da ke jin kunyar a ga na'ura a kunnensa. Ga makafi kuma, akwai manhajar Be My Eyes da aka haɗa da tabarau ɗin Meta a ƙarshen 2024 a wasu ƙasashe, inda wani mai ido daga nesa zai riƙa ganin abin da ke gaban makaho yana gaya masa. Shi kam makaho ba mai ce masa ya toshe kunne, domin kunnen ne idonsa.

Saura kyamara, kuma a nan ina so iyayenmu su sa baki. Waya in za a ɗauke ka hoto sai an ɗaga ta, ka gani, ka yarda ko ka ƙi. Tabarau kallonka kawai za a yi. Akwai 'yar farar fitila a gefen gilashin da ke haske in ana ɗauka, kuma na 2023 in ka rufe fitilar ba ya yarda ya ɗauka, amma da tsakar rana wa ke lura da ita? A watan Oktoba na 2024 wasu ɗalibai biyu na jami'ar Harvard sun nuna yadda suka haɗa irin wannan tabarau da manhajar gane fuska, suna kallon baƙo a hanya, sunansa da unguwarsu na fitowa a wayarsu. Mu kuwa gidajen haya muke zaune, tsakar gida ɗaya da matan mutane, Hausawa da Yarbawa da sauran ƙabilu, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Zaman lafiyar da iyayenmu suka gina da masu masaukinmu a garin nan, hoton matar wani guda ɗaya da ya fita a WhatsApp ya isa ya taɓa shi. Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun watan Yuni na 2023, amma kafin a je ga doka, shawarata ga ƙungiya ita ce a mayar da shi ladabi, kamar cire takalmi: in za ka yi sallama a gidan mutane, ko za ka shiga wurin alwala, ko rumfar 'yan canji, ko zauren sulhu a fada, tabarau mai kyamara ya sauka daga fuska ya shiga aljihu.

Ga wanda ya yi niyyar saye, kada ya biya sai an haɗa da wayarsa shi kansa a nan cikin shagon, ba da ta mai shago ba, domin manhajar ba kowace tsohuwar waya take hawa ba, kuma mai allo ɗin nan na igiya ba kowace waya ke iya tura masa hoto ba, ko da bakin cajinsu ya zo ɗaya. A ɗauki hoto a ga ya shiga waya, a yi kira a ji, a sa iyafis a gwada sauya mafitar sauti kamar yadda na bayyana. In na hannu ne, a tabbata mai shi na farko ya cire shi daga asusunsa an goge komai. A karɓi rasit mai sunan shago.

Shugaba ya yi mini nuni da agogo. Waɗanda suka zo da nasu kayan suna son a duba musu, su same ni a bakin ƙofa bayan an tashi, a zo da waya da cajinta. Mai tambaya kuma ga fili.